Kada Ka Buɗe Bonet a Hanyar Sabuwa

Ƙanƙara,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaishe da Maryam, ina kuma gaishe da amaryata Nana, wadda aka ce tun da kuka isa Faskari ba ta tambayi kowa ba sai kyanwar gidan nan. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya tsare ku a hanyar da ke gabanku, ya kai ku Sabuwa lafiya. Aikin gonar da aka tura ka, Allah ya sa ya zama alheri gare ka da manoman da za ka yi wa hidima. Mu nan lafiya lau. Idon da aka yi mini aiki yana ta washewa, sai dai likita ya hana ni ƙura da tuƙi, shi ya sa ka ga takarda maimakon ka gan ni.

Direban da ya kawo maka wasiƙar nan zai ba ka ƙunshi biyu. Ɗaya kayan gyaran famfon sitiyari ne: sil, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bayan fuli, da sauran robobinsa, da filta, da guntun tiyo sabo. Ɗayan garin farar ƙasa ne a leda. Ka gaya wa Maryam kada ta ɗauka garin tuwo ne. Zan zo kan amfaninsa.

Shekaranjiya a waya ka ce mini motarmu Dattijuwa ta fara kuka tun daga Sheme, sitiyarinta ya yi nauyi, ka lallaɓa da ita har gidan Kawu Sada, da gari ya waye kuma aka ga jan mai a ƙarƙashinta. Ka ce ba komai. Za ka sayi galan na mai ka jefa a but, duk inda ka ji ta fara kuka ka sauka gefen titi ka ƙara mata, har ku isa Sabuwa, tunda ranar Litinin ake so ka kama aiki. Na fara magana ka ce, "Baba, kai ma ai haka ka yi ta yi da ita." Daga nan layin ya yanke, ko kai ka yanke shi, ban bincika ba.

Gaskiya ka faɗa, haka na yi ta yi. Shi ya sa na zauna in rubuta maka yadda abin ya ƙare mini, don a waya ka fi ni saurin baki. Amma bari in fara da matsayata, kada ka neme ta a ƙarshe. Ban yarda ka ɗauki Maryam da Nana a motar da ka san za ta tilasta maka tsayawa tsakanin Ɗandume da Sabuwa ba. Ka san halin da hanyar nan take ciki kamar yadda na sani. A gyara famfon nan a Faskari, a cikin gida, a tabbatar ya bushe, sannan a yi maganar tafiya.

Lokacin da na sayi motar nan hannun wani tsohon ma'aikacin auduga a Funtuwa, kai ba ka fara tafiya ba, ita kuwa ta riga ta kwana biyu a duniya. Da ɗigonta na saye ta. Mutumin bai ɓoye mini ba. Ya ɗaga bonet ya nuna mini, ya ce ɗan gumi ne kawai. Na yarda, na ajiye kwalbar mai a but, duk Juma'a kafin in tafi masallaci sai in buɗe murfin famfon in ƙara. Har na riƙa jin daɗin abin, ina ganin ni mai kula da mota ne. Abin da ban lura ba shi ne kwalbar da a da take kai ni wata da watanni ta koma ba ta rufa wata.

Wata damina muna dawowa daga suna a Faskari, ni da mahaifiyarka, kai kana cinyarta. Kafin 'Yargoje akwai wata kwana, sai ga awaki sun tsallako. Na juya sitiyari na ji kamar na kama dutsen niƙa. Ba ya yankewa, ka gane, yana nan haɗe da tayoyi, amma ƙarfin da hannunka ya saba bayarwa ba ya isa, kuma kafin jikinka ya gane sai an ƙara ƙarfi, kwanar ta wuce. Muka sauka titi muka shiga gonar masara. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Mai gonar ya taho da fartanya a kafaɗa, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, lahiya? Ko masarar kake son gani kusa-kusa?" Shi da 'ya'yansa suka turo mu kan titi, ya ƙi ko a yi maganar abin da muka take masa.

Muka iso gida, mahaifiyarka ta shiga da kai ɗaki. Sai da ta kwantar da kai ta fito ta ce, "Malam, ko dai ka gyara ta, ko ka riƙa tafiya kai kaɗai da kwalbarka."

To ka ji. Wurin da ke ɗiga ƙaruwa yake yi, kuma ba ya gaya maka ranar da zai tashi daga ɗigo ya koma zuba. Galan ɗin da kake shirin saya lissafin jiya ne kake yi da shi. Ka ƙara da cewa man nan idan ya sami salansa mai zafi hayaƙi yake yi, wani lokaci har ya kama.

Washegari na kai ta wurin Malam Barau, bakaniken nan na bayan tasha da ka sani, lokacin gashinsa baƙi wuluk. Muka ɗaga bonet. Famfon ya jiƙe sharkaf, sama da ƙasa, ƙura ta manne masa kamar an shafa masa kwalli. Ba mu ɓata lokaci ba muka yanke hukunci cewa ya mutu. Na tafi Funtuwa na sayo wani na gwanjo, muka ɗaura, muka sha shayi muna yaba wa juna. Da safe na fito na tarar da jan mai a daidai inda na saba tarar da shi.

Na koma. Barau ya daɗe yana kallon injin, ya ce, "Ashe ba shi ba ne."

Na ce, "Kai fa ka ce shi ne."

Ya ce, "Ni na ce mi? Ni cewa na yi ya jiƙe. Kai ka ce ya mutu, kai da kake karanta littafin mota da Turanci."

Na ce, "Da na ce ya mutu ai kai ka ɗauko sifana."

Ya ce, "To in mai gawa ya ce a wanke, ni zan tsaya jayayya?"

Har yau in muka haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sai ɗayanmu ya tayar da maganar, kuma har yau ba a sami mai laifi ba.

Ba wayonmu ne ya gano wurin ba. Ana gab da Sallah mahaifiyarka ta sa a yi wa katangar gida shafe. Na wanke injin da kananzir saboda haushi, na bar bonet a buɗe ya sha iska, masu shafen kuma suna ta zazzage buhun farar ƙasa a kusa. Da na dawo na tarar gaban injin ya yi fari fat. Na yi faɗa, na tayar da motar don in matsar da ita, na zagayo in rufe bonet. Sai na ga wani siririn jan layi yana sauka a kan farin, kamar an ja shi da alƙalami. Na bi shi da ido zuwa sama. Daga ƙarƙashin kilif ɗin ƙaramin tiyo yake fitowa, tiyon da ke mayar da mai cikin famfo, ya tsage a wurin da ido ba ya kaiwa. Fankar inji ce take kwasar ɗigon tana fesa shi ko'ina, har famfon da ba ruwansa ya zama shi ne ya fi kowa jiƙewa. Famfon da na cire lafiyarsa lau. Yana nan a ɗakin ajiya, ka sha ganinsa.

Abin ya ba ni kunya ta wani gefe, domin a aikin jarida abu na farko da aka koya mana shi ne inda ka tarar da taro ya fi yawa ba lallai nan abin ya fara ba, sai ka bi sawu. Na yi shekaru ina bin wannan ƙa'ida a kan labarin mutane, na kasa bin ta a kan ƙarfe.

Saboda haka kada ka kwance ko noti ɗaya tukuna. Ka wanke famfon da tiyoyinsa biyu da akwatin sitiyarin da ke can ƙasa, da kananzir da buroshi, ka goge da tsumma, ka bar su su bushe sosai a rana. Ka cika mai zuwa alamarsa. Sannan ka zuba farar ƙasar a tsohuwar safa ka riƙa bubbugawa a kansu har ko'ina ya yi fari, musamman bayan fuli, wato faifan da bel yake juyawa. Murfin famfon a rufe gam kafin ka fara, kada ko ƙwaya ta shiga ciki. Ka sa Kawu ya tayar da mota ya juya sitiyari dama da hagu a hankali, kai kuma ka tsaya da tocila, ka naɗe hannun rigarka, ka nisanci bel da fanka. Wurin da ja ya fara bayyana, wanda ya fi sama a cikinsu, shi ne naka. Abin da ke ƙasa da shi bin sawu ne kawai.

In daga bakin murfi ne, robar murfin ce, tana cikin ƙunshin. In ƙaramin tiyo ne, ka canza shi gaba ɗaya da sabon kilif, kada ka datse bakinsa ka mayar, domin robar da ta tsage a wuri ɗaya ta bushe ne duka. In babban tiyo ne mai bakin ƙarfe, wanda ke ɗauke da ƙarfin famfon, wannan ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a like shi da gam. Na taɓa ɗaurewa, bai kai ni ƙofar gari ba ya fashe ya wanke mini gaban riga. Sai dai a kai shi Funtuwa a matse sabo. Amma zatona, daga yadda ka kwatanta kukan, ja zai fito ne daga bayan fuli ya gangaro ta cikin famfon. In haka ne, sil ne. Zato ne fa nake yi daga Ƙanƙara. Abin da farar ƙasa ta nuna maka shi za ka bi, ko da ya saɓa wa nawa.

Kafin in shiga maganar kwancewa, akwai maganar mai, kuma a nan sai ka yi haƙuri da Kawunka. Na san Sada. Zai zo ya tsaya a bayanka da carbi a hannu ya ce, "Kai yaro, mi ya kai ka wahala? Zuba mata baƙin mai mai kauri, shi ka toshe hanya. Haka nike ma tarakta." Ka ce, "To, Kawu." Kada ka yi masa gardama a gidansa, kada kuma ka zuba. Mai kauri yana rage ɗigo na ɗan lokaci, sai famfon ya riƙa wahalar jansa da sanyin safiya yana cin kansa.

Ni nawa kuskuren ya fi wannan muni. Wata shekara zan je ta'aziyya Sabuwa, man ya ƙare mini a Mairuwa, kwalbata kuma na bar ta a gida. Mai teburin da na samu ba shi da jan mai, sai man birki. Na ce ba shi nake nema ba. Ya ce, "Alhaji, ai duk aikinsu guda, wancan shi tsai da mota, wannan shi juya ta." Ina sauri, ana jirana, na zuba. Na je na dawo lafiya, har na ce ashe mutumin ya san abin da yake faɗa. Ba a yi mako ba duk wata roba da ke cikin hanyar man ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi. Famfo ya zuba, tiyo ya zuba, akwatin sitiyari ya zuba. Motar ta yi zaman wata a garejin Barau, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Da na tsaya na tuƙa ta a hankali da nauyinta har Funtuwa, da hannuna kawai zai yi tsami.

Jan mai kaɗai take sha, irin na giyar otomatik. Ka saya a shago mai ƙofa, ka duba hatimin murfin da idonka, kada ka karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa.

Yanzu kwancewa. In za ka yi da hannunka, ka iya, na ga yadda kake kwance injin ban-ruwa. In kuma za ka kira bakanike, ka kira, amma ka ɗauko kujera ka zauna kusa da shi har ya gama. Ba don rashin yarda ba. Shi motoci goma ke jiransa, kai kuwa wannan ɗaya ce za ta ɗauki iyalinka.

Ka cire kan batir. Ka zuƙe man da ke cikin famfon da sirinji. Ka sassauta notin fuli tun bel yana ɗaure, domin shi zai riƙe maka shi. Sannan ka saki bel, ka kwance tiyoyin, ka toshe bakinsu da leda mai tsabta. Kafin kowane mataki ka ɗauki hoto da wayarka. Mu a zamaninmu da ƙwaƙwalwa muke yi, kuma ƙwaƙwalwa ta sha yi mana ƙarya.

Fulin zai ƙi fita. Shekaru ya yi a wurin. A nan ne hannunka zai nemi guduma, kamar yadda nawa ya nema. Na buga, ya fita, na ji daɗi. Da na mayar sai ya riƙa rawa yana juyawa, don na lanƙwasa shi, rawar kuma ta cinye sabon sil ɗin kafin kaka. Akwai abin jan fuli mai ƙafa uku, duk garejin kirki yana da shi, ka aro. Idan ya fito, akwai wani ɗan ƙarfe kamar rabin wata a jikin sandar da fulin yake zaune a kai, ka cire shi ka sa a aljihu. In ya faɗa ƙasa a tsakar gidan Sada ba za ka ƙara ganinsa ba.

Kada ka buɗe famfon a waje. Ni a gindin dalbejiyar ƙofar gida na buɗe nawa, a kan buhu, ina hira da masu wucewa. Iska ta taso, yashi ya shiga, ƙananan ƙarafan da ke ciki, masu kama da guntayen reza, suka zube a ƙasa. Na tsince su na goge da gefen riga na mayar yadda na ga dama. Ashe kowanne yana da baki mai santsi da baki mai kaifi, kuma mai santsin ne ke kallon waje. Famfon ya yi ta gurnani har sai da na sake buɗe shi. Kai ka shiga ɗaki, ka rufe taga, ka karɓi babban faranti wurin matar Kawu, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi daga dama zuwa hagu. A riƙe Nana a waje, don na san ta, za ta zo taimako.

Tsohon sil ɗin ka ɗago shi a hankali, kada bakin sukudireba ya karci gidansa. Daga nan ka tsaya ka duba sandar. Ka bi wurin da sil yake kwanciya da farcenka. In farcen ya wuce sumul, madalla. In ya maƙale a wani zurfi, ko ka girgiza sandar ka ji tana wasa gefe da gefe, to sabon sil ba zai yi maka komai ba, zai riƙe na kwana kaɗan ne ya saki. In ka ga haka ka kira ni, in aiko maka da famfon da ke ɗakin ajiya, ka sa masa sababbin robobin. Kada ka rufe ido ka ce ba ka ji komai ba. Na san yadda mutum yake yi wa farcensa ƙarya idan Litinin ta matso.

In sandar lafiya take, ka naɗe bakinta da salatif don kada kaifinta ya yanki sabon sil, ka shafa wa sil ɗin jan mai, ka sa shi gefen da ke da ɗan sifirin yana kallon ciki, wajen mai. Ka danna shi daidai wa daida da soket, kan sifana mai rami, mai faɗinsa har ya zauna. Robobin zobe duka ka canza, har wadda ta yi maka kama da lafiyayya. Kada ka sa gam ko kaɗan. Gam ɗin da ya matso waje ka gani, irinsa ya matsa ciki, kuma can zai yanke ya bi mai ya toshe wata ƙaramar hanya.

Bel kuma kada ka ja shi kamar tsirkiyar baka. Na daɗe ina ganin ƙarfin ɗauri shi ne kyan aiki, ashe sandar famfon nake ja gefe guda, sil yana buɗe baki. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya ɗan shiga kamar kaurin yatsan, ya isa.

Saura abin da na fi jin tsoron za ka tsallake, don a lokacin ka gaji, hannunka ya yi baƙi, kuma motar ta yi kama da wadda aka gama. Iska ta shiga hanyar man, sai an fitar da ita. Ranar ɗaurin auren ƙanwar mahaifiyarka na tsallake wannan. Na ɗaura famfo, na cika mai, na tayar, na ɗebi manyan mutane. Kafin mu fita unguwa man ya zama kumfa ya yi ambaliya ta murfi, motar tana kuka kamar an taka wutsiyar kare. Liman da ke gaba ya juyo ya ce, "Malam, ko mu sauka ta huta?" A ƙafa suka ƙarasa.

Ka ɗaga gaban motar da jek har tayoyi su bar ƙasa, ka tokare ta da itace mai ƙarfi, kada ka dogara da jek kaɗai. Inji a kashe, ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, kana duba man kana ƙarawa, har ƙwayoyin iska su daina tasowa. Sannan ka tayar na ɗan lokaci ka kashe. In ka ga kumfa, ka je ka yi salla ka ci abinci, ka bar shi ya kwanta, ka sake. Ba a yi masa sauri. Kuma daga yau, duk lokacin da sitiyari ya kai ƙarshe, ka ɗan sake shi. Na lura kana danne shi a can idan kana juya mota a lungu, famfon yana ihu kai kana ƙara dannawa.

Idan ka gama, ka sake wankewa, ka sake buga farar ƙasa, ka zaga cikin Faskari har inji ya yi zafi, ka bi lunguna masu kwana. Ka dawo ka duba. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Da safe ka ɗauki hoton kwalin da na famfon ka turo wa ƙanwarka Asma'u ta nuna mini. Fari nake so in gani.

Na san abin da za ka ce: Litinin. Ka kira shugabanka tun yau ka gaya masa gaskiyar abin da ya tsayar da kai. Mutumin da ke zaune a Sabuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa ba a son mota ta tsaya a hanya. In ya ce lallai sai Litinin, ka bar Maryam da Nana wurin Kawu, ka hau motar haya da hantsi ka je ka kama aiki, ka dawo ƙarshen mako ka ƙarasa gyaran.

Ka tuna mai gonar 'Yargoje da ya turo mu. Duk kurakuran da na lissafa maka a irin wancan zamani na yi su, lokacin da in ka ɗaga bonet a gefen titi, kafin ka gama duba mai wani ya kawo maka ruwa, wani ya kawo shawara, wani ya tsaya kallo kawai. Na taɓa yini guda a bakin hanya ina jiran Barau, matan wani ƙauye suka aiko mini da fura. Shi ya sa na iya yin sakaci na kuma tsira. Kai ba ka da wannan sararin. Yau in mai mota ya gan ka a tsaye da bonet a buɗe, ƙara wuta zai yi ya wuce, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma da 'ya'yan wasu a bayansa. Saboda haka ko bayan an gyara, ka fita da hantsi, ka bi sahun motocin haya, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka tashi, ka cika tanki tun daga Funtuwa. In sitiyari ya yi nauyi a tsakiyar daji, ka riƙe shi da hannu biyu ka rage gudu ka ci gaba. Famfon ya ƙone in zai ƙone. Sai ka shiga gari mai mutane za ka tsaya.

In kuwa ta mutu gaba ɗaya a wurin da ba gari, to ka ji abin da nake so ka yi, kuma na faɗa wa mahaifiyarka da Kawunka don kada wani ya zarge ka daga baya. Kada ka buɗe bonet. Kada ka tsaya kulle ƙofofi ko sauke kaya. Ka ɗauki Nana, ka kama hannun Maryam, ku shiga motar farko da ta yarda ta tsaya, ko ta shanu ce. Na san ka, za ka tsaya kana tunanin me za ka ce wa Baba a kan motar da ya yi shekara talatin yana gogewa. Ba abin da za ka ce mini. In an same ta washegari, to. In ba a same ta ba, ba zan tambaye ka ba, ko sau ɗaya.

Haka kuma in kun yi duk abin da na rubuta, kun canza famfo, ja ya ci gaba da fitowa, kada ka kawo mini ita gida don kunya, kada kuma ka tafi da ita don taurin kai. Ka miƙa wa Sada makulli ya kira masu sayen tsofaffin motoci. Da na gaya wa mahaifiyarka haka jiya sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni ta ce, "Malam, da bakinka?" Na ce da bakina. Ta ce in rubuta a takarda don kada in canza magana. Ga shi na rubuta.

Ka gaishe da Kawu Sada da iyalinsa, ka yi masa godiyar ɗawainiya. Mahaifiyarka da Asma'u suna gaishe ku. Allah ya sa gyaran ya kama. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya rufe idon mugu daga kanku, ya sauke ku Sabuwa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Ina jiran hoton kwalin. Kafin in gan shi, motar nan ba ta fita Faskari da jikata a ciki.

Wassalam,
Mahaifinka.